Ɗalibi A Ingila: Ga Karatu, Ga Baƙi, Ga Yawon Ƙarshen Mako

Duk shekara, da zarar damina ta kankama a Nijeriya, makarantu suka tashi dogon hutu, ma'aikata kuma suka fara karɓar hutunsu na shekara, sai saƙonni su dinga kwarara zuwa ga 'yan Nijeriya mazauna Ingila ba dare ba rana. Wannan ya ce wansa zai sauka Landan ranar Laraba, a taimaka a tarye shi. Wancan ya ce maigidansa na ofis zai zo ganin likita, kuma ba shi da kowa a garin. Wata ta aiko cewa ƙawarta na tafe sayen kayan aure, kwana huɗu kacal za ta yi. Yawancin waɗanda ake yi wa irin wannan aike ɗalibai ne da ma'aikatan gwamnati da aka tura ƙaro ilmi, kuma da wuya a sami wanda ya taɓa iya buɗe baki ya ce babu hali.

Al'amarin ba ƙarami ba ne in aka dubi yawan mutanen da ya shafa. Ƙidayar jama'ar da aka yi a Ingila da Wales a 2021 ta nuna akwai mutum wajen 270,000 waɗanda a Nijeriya aka haife su. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 kuwa, ɗaliban Nijeriya a jami'o'in Birtaniya sun haura 70,000, ba wata ƙasar waje da ta fi su yawa sai Indiya da Sin. Kowane ɗaya daga cikinsu ya baro dangi da surukai da abokan aiki a gida, kuma a wurin waɗannan duka adireshinsa masauki ne. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, da me shi mai masaukin yake sauke baƙin, kuma wane hali karatunsa ke ciki sa'ad da yake yawo da su gari gari.

BAƘIN FARKO

Ba yau Bahaushe ya fara baƙunci a Ingila ba. A 1855, sa'ad da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya koma Turai bayan ya zaga Borno da ƙasar Hausa har Tambutu, ya tafi da wasu samari biyu masu yi masa hidima, Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram. A Ingila ya zauna wurin wani malamin mishan, J. F. Schön, wanda ya riƙa rubuta abin da yaron ke gaya masa da Hausa, na rayuwarsa da na abin da idonsa ya gane masa a ƙasar Turawa, har aka buga labarin cikin littafin Magana Hausa a 1885. A wannan karon dai mai masauki ne ya ci ribar baƙo, domin da bakin Dorugu ya gyara Hausarsa.

Bayan wannan sai sarakuna. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921 cikin tafiyarsa ta aikin hajji, ya gana da Sarkin Ingila Joji na Biyar. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka je tare. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Malam Abubakar Imam ya shiga ayarin editocin jaridun Afirka ta Yamma da aka gayyata, ya dawo ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Waɗannan duk baƙin Gwamnati ne. An tanadar musu masauki da mota da tafinta, an tsara musu inda za su kowace safiya, ba wanda ya ɗora wa ɗan'uwansa nauyi.

Ɗaliban farko su ma ba su sha fama da baƙi ba, matsalarsu ita ce su sami inda su kansu za su kwana. Ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma da Ladipo Solanke ya jagoranci kafa ta a 1925 sai da ta buɗe gidan kwana nata a unguwar Camden a 1933, saboda masu gidajen haya da yawa ba sa ba baƙar fata ɗaki. Sa'ad da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu malaman makaranta na Arewa suka je Jami'ar Landan ƙaro ilmin koyarwa a 1945, Malam Aminu Kano kuma ya bi bayansu a shekarar da ta biyo, zuwa Ingila tafiya ce ta sosai. Jirgin ruwan fasinja na kamfanin Elder Dempster yakan ci wajen mako biyu tsakanin Ikko da Libaful. Ba mai ɗaukar wannan wahala don ya zo ya yi kwana huɗu.

Jirgin sama da kuɗin man fetur su suka sake al'amarin. Cikin shekarun 1970 jirage na tashi daga Kano kai tsaye zuwa Landan, ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata a 1975, fam ɗaya bai kai naira biyu ba, kuma ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza. A lokacin ne aka saba da cewa duk mai ɗan'uwa a Landan yana da ɗaki a Landan. To, zamanin ya wuce tuni. Tun 1980 Gwamnatin Birtaniya ta ɗora wa ɗaliban ƙasashen waje cikakken kuɗin makaranta, a 1986 kuma ta ba da sanarwar wajabta biza ga 'yan Nijeriya da Gana da wasu ƙasashe. Sabon da aka yi ne bai wuce ba.

FATOMA BA LA'ADA

Ita wannan al'ada ta sauka gidan ɗan'uwa a baƙon gari tana da asali mai kyau. A zangunan Salaga da Kumasi, da unguwar Sabo ta Ibadan, falke mai goro ko mai shanu ba ya neman otel. Yana da fatomansa, wanda zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa in an ci bashi. Da ɗan gari akan ci gari. Amma fa fatoma sana'arsa ke nan. Gidansa don haka aka gina shi, yana da yara masu aike, kuma in ciniki ya faɗa yana da la'adarsa.

Ɗalibin Landan ya gāji aikin fatoma kaf, ban da gidan, ban da yaran, ban da la'adar. Shi zai je Heathrow da asuba ya tsaya har jami'an shige da fice su gama da baƙon. Shi zai ja akwatuna cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, tafiyar kusan sa'a guda zuwa tsakiyar gari. Shi zai saya wa baƙon katin shiga mota, tun da motocin haya na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Shi zai raka shi asibiti ya fassara masa maganar likita, ya kai shi kasuwa ya riƙe masa leda. In dare ya yi ya bar masa gado, ya shimfiɗa bargo a ƙasa.

Shari'ar Musulunci, wadda ta kwaɗaitar da girmama baƙo ƙwarai, ta yi wa liyafa iyaka da kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ce, ta kuma hana baƙo ya daɗe har ya ƙuntata wa mai gida. Hausawa ma sun ce baƙo raɓa ne. Sai dai raɓar Landan takan kai mako uku rana ba ta busar da ita ba, domin wanda ya biya kuɗin jirgi mai yawa ba ya son komawa da wuri.

Lissafin ba shi da wuyar yi. A farkon 2025 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya ta ƙayyade cewa kafin a ba ɗalibi biza sai ya nuna yana da fam 1,483 na kowane wata in a Landan zai zauna, ko fam 1,136 in a wani gari ne. Wannan na ci da sha da haya ne na mutum ɗaya, ban da kuɗin makaranta. Doka ta yarda ɗalibin jami'a ya yi aikin sa'a 20 kawai a mako lokacin karatu. A watan Afrilu na 2025 an mayar da mafi ƙarancin ladan aiki fam 12.21 a sa'a ga mai shekara 21 zuwa sama. Ke nan ko ya cika sa'o'insa duka, a sito ko a gidan kula da tsofaffi, abin da zai samu a wancan ladan fam 244 ne a mako, kimanin fam dubu da 'yan kai a wata. Bai ma kai abin da hukuma ta ce yana bukata shi kaɗai ba.

Saura sai daga gida, kuma nan ne gizo ke saƙar. Kafin watan Yuni na 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin hukuma. A cikin 2024 ya haura naira 2,000. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Nijeriya a wannan shekarar bai wuce fam 35 ba a wancan farashi, kuɗin da da wuya ya ɗauki tasi daga Heathrow zuwa tsakiyar gari. Uban da ya yi wa ɗansa tanadin shekara guda sai ya wayi gari tanadin bai isa wata huɗu ba. Wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa kuma ya san yadda alawus kan makara a hanya.

Baƙo bai san wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne gaba ɗaya, domin mai masaukin ba ya faɗa. Kunya ta hana shi. Shi ne fa wanda aka yi wa rakiya filin jirgin sama da motoci, wanda hotonsa cikin ƙanƙara ya zaga dangi. Yaya zai ce wa wan babansa kajin nan biyu da aka dafa masa su ne cefanen mako guda? Shi kuma baƙon, da ya ga farashin shayi ya buga shi da naira cikin ransa, sai hannunsa ya ƙi fita daga aljihu, ya dubi ɗan gari, ɗan gari ya biya.

ƊAKI ƊAYA, DOKA GOMA

Gidan ma ba irin wanda baƙo ya sani ba ne. Babu zaure, babu shago, babu tsakar gida. Ɗakin ɗalibi a gidan kwanan jami'a gado ne na mutum ɗaya da tebur da wurin rataye tufafi, ɗakin girki kuwa na tarayya ne da mutum biyar ko shida daga ƙasashe daban-daban. Galibin irin waɗannan gidaje sun iyakance kwanan baƙo da dare biyu ko uku, sai an rubuta sunansa. Wanda ya kama haya a cikin gari shi ma akwai yarjejeniya tsakaninsa da mai gida a kan yawan masu kwana, kuma abokan zamansa na lura, tun da kuɗin wuta da gas tare ake raba shi.

Ƙananan abubuwa ne ke haddasa rigima. Baƙo ya ji sanyi cikin watan Agusta, wanda su Turawa ke kira zafi, ya murɗa na'urar ɗumama ɗaki ya bar ta ta kwana, alhali tun 2022 kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo. Hajiya ta kunna turaren wuta, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka, a fito da mutanen bene duka waje cikin dare. Alhaji ya yi alwala da buta kamar yadda ya saba, ruwa ya bi ta katakon daɓe ya ɗiga ɗakin maƙwabcin ƙasa. Hira ta yi daɗi har ƙarfe ɗaya na dare, da safe a tarar da takarda ƙarƙashin ƙofa. Baƙo zai tafi abinsa, mai ɗaki ne zai ci gaba da haɗuwa da mutanen nan a matakala har ƙarshen shekara.

Gaskiya kuwa, ba duka baƙi ne nauyi ba. Akwai masu zuwa da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da za su ishi ɗalibi wata uku, akwai masu shiga ɗakin girki su tuƙa tuwon da rabonsa da shi tun barinsa gida, akwai dattawan da in za su tafi sukan cusa fam ɗari biyu ƙarƙashin matashin kai ba su ce komai ba. Wanda ya yi hunturu guda a Ingila, inda a watan Disamba rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, mutum ya yi mako bai yi Hausa da kowa baki da baki ba, ya san darajar a ƙwanƙwasa masa ƙofa da sallama. Tsaraba ɗaya ce ke jawo baƙin ciki, ita ce wadda aka fi so. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga Nijeriya shigo da nama ko madara ko abin da aka yi da su, don haka kilishi da dambun nama da man shanu a hannun kwastan suke ƙarewa in an gano su.

Akwai dokokin da suka fi na kilishi nauyi. Bizar ziyara, wadda aka mayar da kuɗinta fam 127 a watan Afrilu na 2025, ta wata shida ce, kuma ba ta halatta aiki ba. Wanda ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana 30 ana iya hana shi dawowa tun daga shekara ɗaya har zuwa goma, gwargwadon yadda ya bar ƙasar. Sau da yawa takardar gayyata da adireshin ɗalibi ne ke cikin takardun neman bizar. Haka kuma batun lafiya. Ɗalibi na biyan fam 776 a shekara tun watan Fabrairu na 2024 don a duba shi a asibitocin gwamnati, amma wannan shi kaɗai ya shafa. In baƙo ya kwanta ciwo za a karɓe shi a sashen gaggawa kyauta, amma da zarar an ba shi gado, a Ingila ana cajinsa kuɗin jinya da ƙarin rabinsa a kai. Baƙon da ya zo ba inshorar tafiya ya ɗora wa mai masaukinsa abin da bai sani ba.

Babbar hasara dai ta lokaci ce. Digiri na biyu a Birtaniya shekara ɗaya ne, daga Satumba zuwa Satumba, kuma watannin Yuni da Yuli da Agusta su ne na rubuta kundin bincike, wanda yakan kai kalma dubu goma zuwa dubu goma sha biyar. Watannin nan kuwa su ne daidai lokacin baƙi. Jami'a ba ta san an yi baƙo ba. Ranar miƙa kundi ba ta matsawa, wanda ya makara a rage masa maki, wanda ya daina halartar karatu kuma wajibi ne jami'a ta sanar da hukumar shige da fice, domin ita ta tsaya masa aka ba shi biza. A 2024 wata jami'a a arewa maso gabashin Ingila ta dakatar da wasu ɗaliban Nijeriya da faɗuwar naira ta hana su biyan kuɗi a kan lokaci, har aka aika musu da takardar su bar ƙasar. Ma'aikacin da aka ba hutun karatu da albashi, in ya dawo ba takardar shaida, ba zai gaya wa Babban Sakatare cewa baƙi ne suka yi masa yawa ba.

ASABAR DA LAHADI

Duk da haka, in aka tambayi waɗanda suka dawo abin da suka fi tunawa, ba ɗakin karatu suke ambata ba, yawon ƙarshen mako ne. Abin mamaki kuma, da yawansu ba su san garin da suke zaune ba sai da baƙo ya zo. Mutum ya yi wata takwas a Landan tsakanin aji da wurin aiki da gado, bai taɓa ganin fadar Buckingham ba sai ranar da ya kai wani ya ɗauki hoto a bakin ƙofarta.

Yawon baƙo a Landan kusan hanyarsa ɗaya ce. A fara da fada da agogon Big Ben da gadar Tower, a yi Juma'a a babban masallacin Regent's Park da aka gama gininsa a 1977, sa'an nan a faɗa kasuwa: titin Oxford don takalma da turare, shagunan leshi da atamfa na Petticoat Lane kusa da tashar Liverpool Street, da Peckham, inda ake samun doya da manja da busasshen kifi kamar a Ikko. Yawancin baƙi a nan suke tsayawa, kuma an yi asara, domin abubuwan da suka fi shafar ɗan Nijeriya suna gaba kaɗan, wasunsu ma kyauta ake shiga. A Gidan Tarihi na Birtaniya akwai kayan tagulla na Benin da sojan Ingila suka kwaso a 1897, waɗanda Nijeriya ta daɗe tana neman a mayar mata. A Kew akwai gidan ajiye takardun gwamnati, inda rahotannin da gwamnonin mulkin mallaka suka aika daga Nijeriya ke jere, kowa na iya yin rajista ya karanta.

Greenwich kuwa ta cancanci yini guda. Duk mai sauraron Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 1957, ya ji ana cewa ƙarfe kaza agogon GMT, amma kaɗan ne suka san cewa harafin farko sunan wata unguwa ce a bakin kogin Thames. A kan tudunta akwai gidan nazarin taurari da aka kafa a 1675, kuma a 1884 ƙasashe suka amince layin da ya ratsa ta nan ya zama mafarin awon gabas da yamma na duniya. Layin nan in aka bi shi kudu ya ratsa Mali da Burkina Faso ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Gana. A nan ne mai masauki ke samun damar bayyana wa baƙonsa abin da ke rikita masu buga waya daga gida: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Ingila daidai yake da na Nijeriya da Nijar, sauran watanni kuwa yana baya da sa'a guda.

Fita daga Landan sai da dabara. Jirgin ƙasa na da sauri, amma tikitin da aka saya ranar tafiya yakan ninka wanda aka saya tun makonni kafin ta. Ɗalibi na da katin rangwame da ke rage masa sulusin kuɗi, baƙonsa ba shi da shi. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya nufi tashar Victoria ya shiga doguwar mota, ya biya kaɗan ya daɗe a hanya. Ranar Lahadi kuma akan rufe wasu layukan dogo don gyara, a sauke fasinja a sa su cikin mota, manyan kantuna kuma a Ingila sa'a shida kawai doka ta ba su su buɗe. Baƙon da ya ce a bari sai an yi la'asar a fita yakan tarar gari ya watse.

Mancesta tafiyar sa'a biyu da 'yan mintoci ce daga tashar Euston. Samari filin ƙwallo ke kai su, Old Trafford ko Etihad, amma garin na da tsohuwar hulɗa da manomin Arewa. A nan aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a 1902, wadda ta zo ta kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa don ciyar da masaƙun Lancashire, kuma wani kamfanin wannan yanki ne ya haɗa hannu da Gwamnatin Arewa aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Libaful na nan kusa, tashar da jiragen Afirka ta Yamma ke sauke manja da gyaɗa da fatu, wadda kafin nan ta yi arziki da cinikin bayi. A can ne wani lauya Bature da ya musulunta, Abdullah Quilliam, ya buɗe masallaci a 1889, shi ne kuma ya zo Ikko a 1894 bikin buɗe masallacin Shitta-Bey a madadin Sarkin Musulmin Turkiyya na lokacin. Ginin masallacinsa na nan, an gyara shi ana salla a ciki.

Okusfod sa'a guda ce, a je a dawo rana ɗaya, kuma takardun Lugga na ajiye a ɗakin karatun jami'arta. Edinbara, babban birnin Sikotilan, tana da nisan kilomita 630, kusan Kano zuwa Maiduguri, amma jirgi na cinye ta cikin sa'a huɗu da rabi. Mutumin Sakkwato in ya je can ya shiga ƙasar su Kilafatan, wanda ya sauka wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya komo karo na biyu ajali ya riske shi a ƙasar Sakkwato a 1827.

A irin wannan tafiya ne mai masauki ke zama baƙo shi ma. Ba ya kama otel. Yana da abokin makaranta a Leeds, da ɗan garinsu a Coventry, da surukin wansa a Glasgow, kuma kafin ya sayi tikiti ya riga ya aika musu irin saƙon da shi ake aiko masa. Su ma su bar masa gado su kwana ƙasa. Bambancin kawai shi ne waɗannan sun san halin juna: mai zuwa yakan tsaya kanti ya sayo shinkafa da kaza, ya wanke kwanon da ya ci, kuma Lahadi da yamma ya kama hanya, domin kowa na da aji ranar Litinin.

Faris ce ke yawan jawo ɓacin rai. Baƙo ya ji cewa tun 1994 akwai rami mai tsawon kilomita 50 ƙarƙashin teku, jirgin Eurostar na kai mutum daga Landan zuwa Faris cikin sa'a biyu da kwata ko fiye kaɗan, sai ya ce a tafi ranar Asabar. In mai masauki ya ce ba zai yiwu ba, sai a ɗauka rowa ce. Alhali Birtaniya ba ta taɓa shiga yarjejeniyar Schengen ta buɗe iyakoki ba, ko kafin ta fita daga Tarayyar Turai a 2020. Mai fasfon Nijeriya sai da wata biza daban, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 a watan Yuni na 2024. Ɗalibi na iya nemanta a Landan tun da a can yake zaune, in ya yi haƙurin jiran layi. Baƙo kuwa a ƙa'ida a ƙasar da yake zaune zai nema, watau tun yana Nijeriya. Wanda bai yi haka ba sai ya haƙura da Kadif ko Edinbara, waɗanda bizarsa ta Birtaniya ta isa.

Ranar komawa ita ma aiki ce. Tikitin ƙaramin aji zuwa Nijeriya galibi akwati biyu ya halatta, kowanne kilo 23, sayayyar mako uku kuwa ba ta san wannan ba. Daren tafiya ana ta awo da sikelin banɗaki, a cire takalmi daga wannan a sa a wancan. A Heathrow in sikelin kamfani ya ƙaryata na gida, sai a buɗe akwati a tsakiyar jama'a, a ware abin da za a bari. Ragowar, turamen atamfa biyu da tukunyar lantarki da takalman yara, mai masauki ne zai koma da su cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya tura su ƙarƙashin gado, da alkawarin zai ba baƙo na gaba ya kai Kaduna.